Daga Tama Zuwa Rodi: Tarihin Aikin Ƙarfe a Ƙasarmu

Sana'ar ƙarfe hawa biyu ce. Hawa na farko shi ne raba ƙarfe da dutsen da Allah Ya ajiye shi a ciki. Na biyu kuwa shi ne sarrafa ƙarfen da aka riga aka samu, a mayar da shi fartanya, ko ƙusa, ko rodin gini. Jama'a hawa na biyun suka fi sani, don shi ne mai amo da tartsatsi a bakin kasuwa. Amma na farkon shi ne uwa, kuma al'ummar da ba ta riƙe shi ba, a hannun wasu take cin abinci komai yawan maƙeranta. Ni ɗan gidan ƙira ne, kuma na yi ƙuruciyata ina aiki a masana'antar mulmula ƙarfe. Abin da na ji daga bakin iyaye da abin da na gani da idona duk wuri ɗaya suke nunawa: hawan farkon nan ya taɓa zama a hannunmu, ya kuɓuce, muka yi yunƙurin dawo da shi da kuɗi masu yawa, har yau bai dawo ba.

Tama, gawayi da iska

Tama ƙarfe ne da ya haɗe da iskar oksijin, ya cakuɗe da yashi da laka. Jar tsatsar da ke cin kwanon rufi da jan dutsen da ake haƙowa a cikin marmara dangin juna ne. Aikin mai tama shi ne ya ƙwace iskar nan daga jikin ƙarfen, kuma gawayi ke yi masa wannan aiki. In gawayi yana ci a wurin da iska ba ta wadace shi ba, yakan fitar da wani tururi mai yunwar oksijin, wanda ke ratsa tamar yana zare mata nata.

Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun ƙware a kansa. Da rani, bayan an kai amfanin gona gida, masu tama kan yi sansani a daji kusa da ramin tama da itatuwa. A sare ƙirya a toya gawayi, domin gawayinta ya fi nauyi da jimirin wuta. A farfasa tama a tsince ta. A gina tanderun laka, a jera bututun yumɓu a gindinsa. A wasu wuraren da zuga-zugi ake hura wutar, a wasu kuma tsawon tanderun ne ke jawo iska da kansa. Sai a riƙa zuba gawayi da tama bi da bi, a kwana ana tsaron wuta.

Tsantsar ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538 a ma'aunin Salshiyas, alhali tanderun laka da ƙyar yake wuce 1,200. Saboda haka abin da ke narkewa a ciki shi ne yashi da lakar da ke jikin tama, su ne ke tsiyaya ƙasa su zama kashin tama. Shi kuwa ƙarfen haɗuwa yake yi a hankali ya zama wani curi mai huji-huji, wanda ake fasa gindin tanderu a jawo.

Wannan ilmi ya daɗe a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, Bernard Fagg ya tono tanderun mutanen Nok a shekarun 1960, waɗanda masana suka ce sun haura shekara dubu biyu. A gindin dutsen Dala, a Kano, an sami alamun aikin tama na wajen ƙarni na 7 Miladiyya, kuma Kanawa har yau suna ba da labarin Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama har suka zauna a nan. Kafin a yi ganuwa, kafin kurmi ya zama kasuwa, tama ce ta fara tara mutane a wurin.

A rumfar maƙera

Curin da ya fito daga tanderu ba ya aikatuwa sai ya bi ta hannun maƙeri. Shi zai sa shi a wuta, yaro na zuga, ya ɗauko da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, a bi shi da masaba har ragowar kashin ya fice, hujojin su rufe. A ninke, a mayar wuta, a sake duka. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe, kuma a wurinmu wannan doka ce ta aiki: da zarar jan ya fara dushewa, dukan da za a ƙara tsaga shi zai yi.

A nan ne gwaninta take. Curi ɗaya ba halinsa ɗaya ba. Ɓangaren da ya daɗe yana cuɗanya da gawayi yakan sha sinadarin kabon, ya yi tauri. Wanda bai sha ba yakan zauna da laushi, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa. Tsohon maƙeri yana gane su ta amo, da irin tartsatsin da suke yi, da yadda suke karɓar guduma. Mai taurin shi ake tanada don bakin gatari, da aska, da takobi. In an gama ƙira sai a yi ban ruwa: a gasa bakin ya yi ja, a tsoma a ruwa, sannan a ɗan sake nuna masa wuta don kada ya yi ƙeƙas ya karye. Abin da injiniyoyi ke kira sitil ke nan, wato ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, wanda ya haɗa tauri da juriya.

A kan wannan sana'a noma ya tsaya, da yaƙi, da sarauta. Garma da lauje, linzami da likkafa, mashi da kibiya, duk daga rumfar nan suke fita. Shi ya sa kusan kowace masarauta take da Sarkin Maƙera, aka kuma bambanta maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari, masu azurfa da tagulla. Har kiɗan kansu gare su, dundufa.

Da jirgin ƙasa ya iso

A daidai lokacin da muke fitar da curi ɗaya a kwana ɗaya, Turai ta kama wata hanya. A 1709 Abraham Darby ya yi nasarar narka tama da gasasshen kwal a Ingila, wanda a masana'anta ake kira kok. Kok ya fi gawayin itace ɗaukar nauyi, don haka aka sami damar gina dogon tanderu, a riƙa zuba tama da kok da farar ƙasa ta sama, ana hura iska ta ƙasa. Zafin cikinsa ya isa ya narka ƙarfen kansa ya kwarara. Sai dai ƙarfen da ke fitowa ya sha kabon har wajen kashi 4 cikin ɗari, ga tauri amma da an buga ya fashe. Rage masa kabon ɗin shi ne aiki mai tsada, har zuwa 1856, lokacin da Henry Bessemer ya nuna cewa in aka hura iska ta cikin narkakken ƙarfe, kabon ɗin zai ƙone cikin mintoci kaɗan. Daga nan sitil ya yi araha, aka shimfiɗa wa duniya layin dogo.

Layin ya iso Kano a 1911. Tare da shi sandunan ƙarfen Turawa suka cika kantuna, ga guntayen dogo, daga baya ga sifirin ɗin mota da tsofaffin garewani. Maƙeri ya duba ya ga ƙarfe tatacce a bakin ƙofarsa, ba haƙa, ba saran ƙirya, ba kwanan daji. Ba wanda zai ga laifinsa don ya saya. Ƙira ta ci gaba, har ta ƙara bunƙasa, amma aikin tama ya riƙa mutuwa gari bayan gari. A ƙasar Adar ta Nijar ya ɗan jima, har wata mai bincike Bafaranshiya, Nicole Echard, ta sami tsofaffin da suka san aikin ta ɗauke su a fim a shekarun 1960. A gidanmu, kakana ya ga tanderu yana ci. Mahaifina labari ya ji. Mu kuwa kashin tama kawai muka tarar a gonaki, garma na tono shi.

Babban shiri

Bayan yaƙin basasa, da kuɗin mai suka shigo, Nijeriya ta ɗaura niyyar komawa hawan farko. A 1971 aka kafa hukumar raya tama da ƙarafa. Da taimakon masanan Tarayyar Sobiyet aka tabbatar da tarin tama a Itakpe, kusa da Okene. Aka tura matasa da dama Rasha da Indiya da Jamus da Japan su koyo aiki. Shirin ya tsaya a kan manyan masana'antu biyu, kowace da hanyarta.

Ajaokuta, a bakin kogin Kwara, ita ce mai dogon tanderu. An ƙulla kwangilarta da kamfanin Tyazhpromexport na Sobiyet a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980, da nufin fitar da tan miliyan 1.3 a shekara a zangon farko. Tsarinta shi ne a gasa kwal ya zama kok, a toya garin tama da farar ƙasa su dunƙule, a narka su a dogon tanderu, sannan a juye narkakken ƙarfen cikin wata ƙatuwar tukunya a hura masa tsantsar oksijin ta sama. Wannan hurin jikan dabarar Bessemer ne, an fara shi a birnin Linz na Ostiriya a 1952, kuma yawancin sitil ɗin duniya ta nan yake fitowa yau.

Aladja, kusa da Warri, wadda aka buɗe a 1982 da ƙarfin tan miliyan ɗaya a shekara, ba ta bukatar kok. Ana mulmula garin tama ya zama ƙananan ƙwallaye, a zuba su a tanderu, a tura musu zazzafan tururin da aka samo daga iskar gas. Tururin ya zare oksijin ba tare da ƙarfen ya narke ba, a sami ƙarfe mai huji-huji, irin curin kakanninmu sak, illa dai nasu na gawayi ne wannan na gas. Daga nan sai tanderun lantarki ya narka shi, a gyara sinadaransa, a tsiyaye shi ta cikin mazubin tagulla mai sanyaya da ruwa, ya fito doguwar sanda mai kusurwa huɗu ana yankawa. Wannan sandar ita ce bilet.

Bilet ɗin Aladja aka shirya zai ciyar da masana'antun mulmula guda uku na cikin ƙasa, a Katsina da Jos da Osogbo, kowace tan 210,000 a shekara. Ta Katsina kamfanin Kobe Steel na Japan ya gina ta, sauran biyun Jamusawa.

Cikin ɗakin mulmula

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da layin mulmula yana aiki ba, da wuya ya gane dalilin da ya sa muke son sana'ar nan. Bilet yakan shiga tanderun ɗumama yana baƙi, ya fito a wajen digiri 1,150 yana haske, ɓawon tsatsa na zuba daga jikinsa. Sai ya faɗa bakin rola ta farko, wato manyan gammunan ƙarfe biyu masu juyawa, da kwari a jikinsu. Su matse shi, ya fito ya rage kauri ya ƙara tsawo, ya faɗa na gaba. Kwari ɗaya ya mai da shi mai faɗi, na gaba ya tattaro shi, haka har ya zama mulmulalle. Rola ta ƙarshe ita ke zana masa tsagar nan da ke sa siminti ya kama rodi.

Sirrin aikin yana cikin gudu. Abin da ya shiga dole shi zai fita, don haka duk sanda sandar ta sirance, tilas rolar gaba ta fi ta baya sauri daidai gwargwado. In ta gaba ta yi gaggawa, sai ta ja ƙarfen ya rame, rodi ya fito bai cika awo ba. In ta yi nawa, ƙarfen ya taru a tsakani, ya tsallake hanya, ya tashi sama yana murɗewa kamar maciji, ja wur. Shi muke kira kobul, kuma sabon ma'aikaci darasinsa na farko shi ne kada ya taɓa juya wa layi baya. Tsofaffin masu aiki kan ji kobul na zuwa tun daga canjin kukan injin, yadda maƙeri ke jin tsaga a amon guduma.

Daga rolar ƙarshe rodi ya wuce gadon sanyaya, a yanka shi mita 12, a ɗaure dami-dami: mai 10, mai 12, mai 16, har mai 25, gwargwadon kaurinsa a milimita. Kafin dami ya fita, ɗakin gwaji zai yanki guntu, a ja shi da inji har ya tsinke, a rubuta nauyin da ya ɗauka da yadda ya miƙe kafin ya tsinke, a kuma lanƙwasa wani a ga ko zai tsage. Rodin kirki yakan yi gargaɗi, ya miƙe kafin ya rabu. Mugun rodi ɓallewa yake yi farat ɗaya, kuma da shi gini ke rufta wa mutane ba shiri.

Inda igiyar ta tsinke

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Masana'antar ƙarfe sarƙa ce, kuma mu mun ƙera zobbanta ba tare da mun haɗa su ba. Tamar Itakpe ƙarfen cikinta wajen kashi 36 ne cikin ɗari, sai an niƙa an tace ta haura kashi 60 kafin ta shiga dogon tanderu, tanderun Aladja kuma ya fi haka tsanani. Da yake ba a gama wannan shiri ba, Aladja ta fara aiki da tamar da ake sayowa daga Laberiya da Barazil da kuɗin waje. Kwal ɗin Inugu ba ya yin kok, na yankin Lafiya da Obi kuma toka da farar wuta sun yi masa yawa, don haka Ajaokuta ma dole ta dogara da na ƙetare. Layin dogon da zai haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri an fara shi a 1987, ba a buɗe shi ba sai 2020. Bilet kuwa a bayan tirela yake tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Aladja zuwa Katsina.

Da farashin mai ya faɗi, naira ta karye, sai kayan gyara da tama suka gagara. Aladja ba ta taɓa kusantar abin da aka gina ta dominsa ba, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 ta tsaya. Masana'antun mulmula suka koma jiran bilet, a yi aikin makonni a zauna watanni. A Ajaokuta an kunna injinan mulmula tun 1983 da bilet na saye, an kuma ce aikin ya kai kashi 98 cikin ɗari a 1994, amma dogon tanderun ba a taɓa hura shi ba. Mutane kan yi mamakin yadda kashi biyu kacal ya gagara. Dalili shi ne dogon tanderu in an kunna shi ba a kashewa, shekara goma ko fiye yake yi yana ci dare da rana. In tama ko kok suka yanke, ƙarfe ya daskare a cikinsa, sai an fasa. Ba injiniyan da zai yarda ya sa masa wuta alhali bai ga ma'adinai da jirgi da tashar ruwa suna tafiya daidai ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A shekarun 2000 aka sayar da Aladja da masana'antun mulmula uku ga 'yan kasuwa. Ajaokuta aka ba da ita jingina ga wani kamfanin Indiya a 2004, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke a 2008, aka shiga shari'a, har sai da Nijeriya ta amince ta biya dala miliyan 496 a 2022 kafin a rabu.

Zamanin gwangwan

Yau yawancin rodin da ake yi a ƙasar nan daga tsohon ƙarfe ne. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola ke bi lungu-lungu suna tarawa, a auna a kilo, a loda a manyan motoci zuwa masana'antun Ikorodu da Ogijo da wasu garuruwa, a narka a ƙananan tanderun lantarki. Wannan aiki ne na halal mai amfani, yana ciyar da dubban gidaje, kuma duk duniya ana sake narka ƙarfe. Amma yana da iyaka. Irin tanderun da aka fi amfani da shi narkawa yake yi, ba ya tacewa sosai. Jan ƙarfe da kuzar da suka shiga cikin tarkace ba sa fita, taruwa suke yi daga narki zuwa narki. Dole a riƙa surka su da sabon ƙarfe daga tama, kuma faranti mai kyau na mota ko bututun mai ba ya samuwa daga tarkace zalla. Duniya na fitar da kusan tan biliyan 1.9 na sitil a shekara, fiye da rabi daga Sin, mu kuwa muna wawason abin da wasu suka narka suka sayar mana muka gama amfani da shi.

Akwai mafita, kuma tana kusa. Abin da muka rasa shi ne kwal mai yin kok, abin da Allah Ya wadata mu da shi kuwa gas ne. Hanyar Aladja, ta zare oksijin da gas, ta fi dacewa da arzikinmu, ana iya gina ta daidai ƙarfi, ana iya tsayar da ita a sake tayarwa, kuma ita manyan ƙasashe ke komawa yanzu don rage hayaƙi. Bututun gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, in ya kammala, zai buɗe wa Arewa wannan ƙofa.

Abin da ya fi damuna mutane ne. Waɗanda aka tura koyo a shekarun 1970 da 1980 sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Inji ana saye, amma kunnen da ke jin kobul kafin ya tashi sai an gada daga wani. Ya kamata jami'o'i da kwalejojin fasaha, da cibiyar binciken ƙarafa ta Jos, su nemo waɗanda suka rage su haɗa su da ɗalibai tun da sauran lokaci.

An kafa ma'aikatar raya ƙarafa ta musamman a 2023, kuma za mu ci gaba da jin alkawarin farfaɗo da Ajaokuta. Ina fata ya tabbata. Amma duk ranar da aka sake yin shelar, kada tsawon bututun hayaƙi ko yawan kuɗin kwangila su ɗauke mana hankali. Mu tambaya: daga wane rami tamar za ta fito, kuma an tace ta? Wane jirgi zai kawo ta kullum? Da kok za a yi ko da gas, kuma wa ya sa hannu zai kawo shi shekara goma ba yankewa? Su wa aka horar da za su tsaya a bakin wutar? Wanda ya amsa waɗannan huɗun dalla-dalla, shi ne ya zo da maganar ƙarfe, kuma shi ya cancanci a ba shi amanar dukiyar jama'a.